Gwaggo Tabawa Ta Tafi, Ɗakuna Huɗu Ba Rufi

Gwaggo Tabawa ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin titi a Rijiyar Zaki ina jiran adaidaita zan tafi ofis, sai ga kiran Malam Isyaku, shugaban gayyarmu ta gini. Na ɗauka zancen igiyar da na yi alkawarin kawowa zai yi min. Na ɗaga ina cewa, "Malam, na saya, tana gida." Numfashinsa kawai nake ji. Can ya ce, "Zulai, sai haƙuri. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Bayan sallar asuba."

Na ce, "Wace Gwaggon?"

Wallahi haka na tambaye shi. Kamar muna da wata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ɗazu nake maimaitawa, amma har yanzu zuciyata ba ta yarda ba.

Ban san yadda na isa tasha ba. Na shiga bas ɗin Ɗambatta, daga can mai babur ya ɗauke ni ya yi hanyar Kunci da ni. Kafin in isa ƙauyen har an kai ta. Ban ga fuskarta ba. Na tarar da mata cike da tsakar gida, ga tabarmarta a naɗe a jingine da bango.

Yanzu ina zaune a gindin darbejiyar da ke wurin ginin. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi min uzuri.

Ku da kuke bibiyata a nan kun sha ganin hotunan ɗakunan ƙasa masu tagar kwalba da nake sawa. Kun sha rubuto min "sannu Injiniya", "Allah ya ƙara basira". Ni kuma ina amsawa da amin, ina jin daɗi.

Ba ni ba ce.

Hannun nan mai tamoji da kuke gani a gefen hoto yana nuna bango, nata ne. Ba ta taɓa yarda na ɗauki fuskarta ba. Ta ce, "Ɗauki ginin, shi ne zai daɗe."

Mahaifinta magini ne. 'Ya'yansa maza ba su rayu ba, sai ita. Tun tana ƙarama ita ke ɗebo masa ruwan kwaɓi, ita ke miƙa masa tubali, tana tsaye a ƙasa tana kallon duk abin da hannunsa yake yi a sama. Da aka yi mata aure ta bar harkar, sai dai daɓen ɗaki in mata sun gayyace ta. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinta. Kafin nan bulo da siminti sun shigo, magina na da sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma leburanci a Kano. Abin da tsohon ya sani kaf ya rage a kan mace ɗaya, wadda ba ta taɓa hawa bango ba a rayuwarta.

Na fara zuwa wurinta ina ajin ƙarshe a jami'a, ina aikin bincike kan zafin ɗaki. Na shiga soron mahaifinta da ɗan na'urar auna zafi ina ɗaga ta sama. Ta bi ni da ido, ta ce, "'Yar nan, me kike nema?" Na ce ina auna sanyin ɗakin ne. Ta ce, "To jikinki bai faɗa miki ba?"

Ta dama min fura. Da zan fita na nemi takalmina na rasa, ashe ta ɗauke shi daga rana ta ajiye a inuwa kada ya ƙona min ƙafa.

Tun daga ranar na zama 'yar gida. Injiniyar takarda take ce min in tana son tsokana. In kuma ta ga raina ya ɓaci sai ta ce, "Zulai tawa."

Ba ta taɓa barina na dawo Kano hannu rabbana ba. Ko ƙuli-ƙuli ne, ko kuka ce a ƙulle a leda, ko ƙwai biyu na zabi. In na ce Gwaggo ki bari, sai ta ce, "Ba naki ba ne, na Innarki ne. Ke 'yar aike ce."

A daminar bara aka yi ruwan kwana uku ba ɗaukewa. Kududdufin yammacin gari ya cika ya tumbatsa, gidaje shida suka zube. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Aka kwashe mutanen aka zuba su a azuzuwan firamare, ɗalibai suka koma karatu a gindin bishiya. Hedimasta mutumin kirki ne, ya yi haƙuri iya haƙuri, amma ya faɗa tun farko: in damina ta sake zuwa dole yara su koma aji.

Kowa ya ce ai laifin ginin ƙasa ne, bulo za a yi. Aka je aka ji kuɗin siminti, kowa ya dawo ya yi shiru.

Gwaggo ce ta aika aka kira mata Malam Isyaku. Ni ma ina nan ranar. Ta ce, "Isyaku, ƙasar da ta zube ina ta tafi?" Ya ce tana nan tsibi-tsibi. Ta ce, "To ba ta mutu ba. A kwashe ta a kai tudun gabas a sake kwaɓa ta. Ba ƙasa ce ta ci amanarku ba. Kun bar ginin ya tsaya da ƙafa cikin ruwa, shekara da shekaru ba yaɓe, indararo ya toshe ba mai dubawa. Ko ɗan adam aka yi wa haka zai faɗi."

Haka aka fara gayya bayan an gama girbi.

Ni na kawo shawarar tsofaffin tayoyi. Na ce a jera su a tushen gini, a cika su da tsakuwa a daddale, yadda ruwa ba zai taɓa ƙafar bango ba. Maza suka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta sa aka cika guda ɗaya, aka ɗora tubali a kai, ta sa aka yi ta kwara ruwa a gindin. Ta zauna tana kallo har ruwan ya tsane. Ta shafa tubalin ta ji shi a bushe.

Ta ce, "Yau dai boko ya yi rana."

Ban taɓa samun sakamakon jarrabawar da ya faranta min rai kamar maganar nan ba.

Masu faci na bakin tasha suka yi ta ba mu tayoyin da suka gama aiki. Ranar kasuwar Ɗambatta mata su tafi da buhu, su dawo da kwalabe da robobin ruwa da aka yar. Kwalaben muka jera a bango suka zama tagogi, haske ya shiga, ɓarawo bai shiga ba. Robobin muka cika da rairayi muka yi katangar banɗaki. Ƙofofin da aka tono daga ɓaraguzai aka gyara su. Ba abin da Gwaggo ta bari aka zubar, har karyayyiyar azara.

Azarar nan ita ce ta kawo mu inda muke yau, don haka bari in yi muku bayani.

Giginya ta yi ƙaranci, doguwar azara sai mai hali. Wadda muka tsamo daga gidajen da suka rushe duk guntaye ce, ba wadda za ta kai daga bango zuwa bango. Gwaggo ta ce ba komai, ɗaurin guga za a yi, irin na mahaifinta. Ana kafa guntayen a cikin bango ta kowane ɓangare, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta sha iska, a sake ɗora wasu a kai suna ɗan sunkuyowa ciki. A hankali a hankali har su haɗu a tsakiya kamar baka. A kan wannan bakan rufin yake zama.

Tana zaune a tabarma, maza suna sama. "Ado, sunkuyar da ita kaɗan. Ya isa. A'a, ka wuce, dawo da ita. Isyaku, igiyarka ta yi sako-sako, daga nan nake gani." Maza masu gemu, tana juya su da murya kawai, ba mai musu.

Biyu muka rufe. Saura huɗu.

Yanzu zan faɗi abin da ta hana ni faɗa. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Gwaggo, ki yafe min, ba zan iya riƙe shi ba yau.

Da tsohuwar ƙasar ta ƙare, sai aka rasa inda za a ɗebo wata. Ramin da Gwaggo take so yana da nisa, sai an yi jigila da amalanke. Akwai wani kusa da wurin ginin. Na ɗebi ƙasarsa na kai Kano aka gwada min, aka ce ba laifi. Na dawo da takardata ina murna.

Gwaggo ta ɗebi ƙasar ta murza a tafin hannu, ta jiƙa ta da yawu, ta ɗan ɗanɗana a harshe. Ta tofar. Ta ce, "Wannan akwai kanwa a cikinta. Za ta yi kyau a ido, in ta bushe ta zama gari."

Na ce, "Gwaggo, an gwada fa. Ga rizal."

Ta ce, "Wacce suka gwada? Ta sama ko ta ƙasan ramin?"

Ta sama na kai. Na sani a lokacin. Amma mutane suna tsaye suna kallona, na ji kunyar in ce ban yi tunanin haka ba. Na ce duk ɗaya ne. Maza kuwa sun gaji da jigila, suka bi bayana. Gwaggo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "To, a gwada."

Bango uku muka tayar da ƙasar nan. Da suka bushe, in ka goga yatsa sai ka ga gari yana zuba. Wata rana da hantsi ɗaya ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya kife. Da Ado bai yi tsalle ba da yanzu wani labarin ake yi.

Gari ya ɗauka. Aka taru a nan gindin darbejiyar. Na ji ana cewa an kawo 'yar birni tana wasa da rayukan mutane, a sallame ta, a watse gayyar kowa ya yi ta kansa. Na buɗe baki zan yi magana, sai Gwaggo ta riga ni.

Ta ce, "Ku saurara. Ni na ce a gwada, ko ba ku ji ba? Tsufa ya fara cin harshena, na ɗanɗana ban tabbatar ba. In da mai laifi ni ce. Ku rushe sauran biyun mu koma ramin nesa. Wanda zai zagi wani ya zo ya zage ni, ga ni a zaune."

Ba wanda ya taso.

Da aka watse na durƙusa a gabanta ina kuka. Na ce, "Gwaggo, don me kika yi haka? Kin san ni ce." Ta ce, "Ni in sun raina ni yau, gobe za su dawo, ba su da wata. Ke in sun raina ki, kin tafi kenan. Ni kuma ina bukatar wanda zai tsaya a nan in ba na nan. Share hawayenki, mutane na kallo."

Mako uku kuskuren nan ya ci mana. Rushewa, kwashewa, jigila, sabon tubali, jiran ya bushe.

Mako uku. Da yanzu an rufe ɗakunan nan huɗu tana da rai.

Wannan lissafin nake ta yi tun a cikin bas. Na juya shi ta kowace fuska, amsar ɗaya ce.

Asabar ɗin da ta wuce na gan ta ƙarshe. Ƙafafunta sun kumbura, tana magana tana hutawa. An kai ta asibiti sau biyu, an ba ta magani, an ce ta kwanta. Ta ƙi. Kullum sai an kawo ta wurin ginin a amalanke. Ranar an kafa matakin farko na bakan ɗaki na uku, ana jira ya sha iska.

Da la'asar na fara haɗa jakata. Ta ce, "Zulai, ki kwana biyu mana. Litinin za a ɗora na biyu. Nan ne wurin da ake ɓata aiki. Ina so ki tsaya kusa da ni ki gani."

Na ce, "Gwaggo, Litinin akwai taro a ofis, oga ba zai yarda ba. Asabar zan dawo da wayata cike da caji, in ɗauki komai a bidiyo daga farko har ƙarshe."

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, "Waya ta gani, ke ba ki gani ba."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Ta kamo hannuna ta riƙe. Tafin hannunta da sanyi, duk zafin da ake yi. Ta ce, "Ni fa ina jin jikina, 'yar nan."

Na ce, "Haba Gwaggo, ke da za ki yi mana daɓen ɗakunan nan gaba ɗaya, ki yi mana waƙa."

Ta sake ni. Ta sa aka miƙo min ƙullin daddawa, ta ce, "Ki gaida Innarki. Ki zo da wuri."

Taron Litinin ɗin ma ba a yi shi ba. Aka ɗaga. Na wuni a ofis ina danna waya.

Yau Alhamis.

Shekara huɗu ina zuwa wurin matar nan. Ina da littafi guda cike da awo, faɗin bango, tsawon ɗaki, zane-zane. Ɗazu na buɗe shi ina neman inda na rubuta yadda ake sanin azara ta sunkuya daidai. Babu. Ban taɓa tambaya ba. Kullum gani nake akwai gobe.

Bayan an dawo daga maƙabarta maza suka zauna a nan. Ba a ko gama karɓar gaisuwa ba zancen ginin ya taso, don kowa idonsa na gabas. Kwana uku kenan hadari yana haɗuwa yana watsewa. Jiya an ce an yi yayyafi a wajen Kunci.

Ado ya ce a cire guntayen azarar a sayo kwano a rufe a huta. Aka tambaye shi da me. Ya ce a sayar da awaki. Wani ya ce awakin nawa suka rage, ai tun bara aka cinye su a hatsi. Wani dattijo ya ce shi dai in ruwa ya sauka gona zai tafi, ba zai bar shuka ta wuce shi saboda ɗakin wani ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Gaskiya ya faɗa. Ranar da aka yi ruwan shuka, ranar gayya ta mutu.

Na ce, "Malam Isyaku, ku fa kuka ɗaura biyun farko da hannunku. Ba za ku iya maimaitawa ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Zulai, da hannunmu muka yi, amma da idonta muka yi. Ranar Talata da jikinta ya hana ta fitowa mun gwada ɗora ɗaya mu kaɗai. Da aka kawo ta Laraba ta hango daga nesa ta ce a sauke, in an bar shi zai kashe mutum. Ni har yanzu ban ga abin da ta gani ba. Ba zan sa 'ya'yan mutane su kwana a ƙarƙashin abin da nake shakka ba."



Sai ga Marka ta zo. Ɗaki na uku nata ne. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ta da yara uku da mahaifiyarsa wadda ba ta gani. Wata tara suna kwana a aji, an raba su da wani gidan da labulen buhu. Ita ta fi kowa tara kwalba. Ita ta zaɓi koraye ta ce a sa mata su ta gabas, don surukarta tana iya gane haske in ya yi ƙarfi. Kullum da yamma sai ta zo ta share cikin ɗakin, ɗakin da ba shi da rufi.

Ta durƙusa kusa da ni, ta yi min gaisuwa, na yi mata. Sannan ta rage murya ta ce, "Injiniya, ke ai kin iya, ko? Gwaggo ta ce min ta koya miki."

Jama'a, me zan ce wa matar nan?

Na dube ta. Ta gane. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta tashi, ta shiga ɗakin nata ta tsaya a tsakiya tana kallon sama.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

In ruwa mai ƙarfi ya sauka a kan bangon ƙasa ba rufi, ba yaɓe, ta sama yake shiga. Kwana ɗaya, biyu, ya jiƙe har ciki, ya fara zubewa. Aikin wata shida. Guntayen azarar da aka kafa za su saki. Gidaje huɗu za su rasa aji, su rasa ɗaki. Kuma duk wanda ya ce dama ginin ƙasa aikin banza ne zai ce ga shi nan. Ba za a sake tara mutanen nan a kan irin wannan aiki ba, na sani. Abin da Gwaggo ta ƙarar da sauran numfashinta a kai zai koma tsibin laka.

Tun azahar nake kiran waya. Na kira malamina na jami'a, ya ce a littafi ya san ɗaurin guga, bai taɓa ɗaurawa ba. Ya ba ni lambar wani tsohon magini a cikin birni, ɗansa ya ɗauka ya ce shanyewar ɓarin jiki ta kama baban, ko magana ba ya yi. Na kira wani, ya ce yana kan aiki a wata jiha sai bayan wata guda. Wata guda! Ba mu da mako guda.

Shi ya sa na zo nan. Ba ni da sauran inda zan je.

Ba kuɗi nake roƙo ba. Mutum nake nema.

In akwai tsoho a garinku wanda ya taɓa yin ɗaurin guga, ko ya tsaya kusa da mai yi har ya gane, don Allah ku turo min saƙo. Ko ba ya iya tafiya, za mu zo mu ɗauke shi, mu shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ba sai ya taɓa komai ba. Ya zauna kawai ya ce "ya isa" ko "dawo da ita". Hannuwa muna da su. Ku tambayi kakanninku. Ku tambayi limamin unguwarku wa ya gina tsohon masallaci. Ko mace ce, kada ku ce ai mace ce. Ku tambaya.

In kuma kana da tampol da ba ka amfani da shi, ko tsohuwar ledar rumfa, ko buhunan da aka farke, ka ara mana mu lulluɓe kan bangon kafin a samu mai rufewa. Za mu zo mu karɓa ko'ina ne tsakanin Kano da Ɗambatta. Za mu dawo da shi.

Ku tura wannan rubutun gaba. Ban taɓa roƙonku haka ba.

Ina cikin rubutun nan iska ta juya. Mata sun fara fitowa daga gidan makokin ɗauke da tabarmi da zannuwa, wasu da buhun taki, wata har da ledar da take shimfiɗa wa jaririnta. Ba wanda ya ce su fito. Ado ya hau tsani suna miƙa masa yana dannewa da duwatsu. Ba zai isa ba. Ko bango ɗaya ba zai rufe ba. Amma suna ta miƙawa.

A masallacin garin nan mako biyu kenan ana roƙon ruwa. Rumbuna sun yi ƙasa, iri yana ajiye, dabbobi sun rame. Mutanen da suke lulluɓe bangon nan su ne dai suke roƙon. Ni ma na ɗaga hannu ɗazu na rasa abin da zan ce. In ce Allah ya kawo ruwa, ɗakin Marka ya narke. In ce Allah ya riƙe shi, wa ya isa ya roƙi haka a garin manoma? Ban san me zan roƙa ba. Na bar wa Wanda ya san abin da ba mu sani ba.

Abu ɗaya na san yadda zan roƙa.

Ya Allah, ga baiwarka Tabawa ta zo maka. Ta rufa wa mutane asiri a duniya, nawa ma ta rufa, Ka rufa mata nata. Ka yafe mata kurakuranta, Ka karɓi ciwon da ta yi a matsayin kaffara. Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljanna Firdausi. Duk wanda ya kwana lafiya a ɗakin da ta tsayar, Ka kai ladan gare ta. Mu kuma da ta bari a tsakiyar aiki, ya Allah, kada Ka bar mu da dabararmu. Ba mu da ita.

Ke da kike karantawa, kai da kake karantawa, ba ku san ta ba, na sani. Don girman Allah ku tsaya ku karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ku ambaci sunanta a sujada. Tabawa. In kun gama ku sa Marka da 'ya'yanta a ciki.

Ana kirana in riƙe tsani. Gabas ta yi baƙi ƙirin.